Gonar da ke cikin kwanonka

A garinmu Boko, cikin ƙaramar hukumar Kusada, abincin da muka taso da shi sananne ne: kunu da safe, fura da rana, tuwon dawa da miyar kuka da dare. Gonar da ta ba da shi kana iya zuwa ka taka ta da ƙafarka. To ɗan'uwa ɗalibi, tuna abin da ka ci daga jiya zuwa yau. Indomi da ƙwai a teburin mai shayi, burodi, shinkafa, in kuɗi sun shigo a haɗa da cinyar kaza. Kowannensu ya ci fili kafin ya iso kwanonka, sai dai ba ka ganin filin.

A 2018 masana biyu, Poore da Nemecek, sun fitar da wani bincike a mujallar Science kan gonakin ƙasashe da dama. Domin samun giram 100 na furotin, naman shanu na cin fili kusan murabba'in mita 164, kaza wajen 7, gyaɗa ba ta kai 4 ba. A duniya baki ɗaya, kiwo da noman abincin dabbobi sun kwashe fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙasar noma, alhali ƙarfin abincin da suke ba mutane bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ga shi mun haura biliyan 8 tun 2022, kuma duk inda aljihu ya yi nauyi, nama ake ƙarawa.

Amma a yi hattara da wannan lissafi. Saniyar Burazil da aka sare daji domin ta, daban take da ragon da innarmu ke turkewa a bayan ɗaki. Ragon nan harawa yake ci da karmami da dusa, abin da mutum ba ya ci, sannan ya bar taki a kai gona. Gona ɗaya ta ba da gero da wake, ta kuma ba da nama. Wanda ya ɗora mana lissafin Turawa kai tsaye, ni a ganina bai san karkara ba.

Inda abin ya shafe mu shi ne kajin gidan gona. Su masara da waken suya suke ci, wajen kilo biyu kafin kaza ta ƙara kilo ɗaya. Ke nan mai gidan kaji da mai neman garin tuwo buhu ɗaya suke tayawa a kasuwa, kuma mun san wanda ya fi kuɗi a cikinsu.

Alkama kuwa ta fi ba ni tsoro. Najeriya na shigo da kusan tan miliyan 5 a shekara daga ƙasashe irin su Amurka, Kanada da Rasha. Ɗauki biro: hekta ɗaya a duniya na ba da wajen tan uku da rabi. Raba ka gani, hekta miliyan 1.4 ke nan, fiye da rabin faɗin Jihar Katsina gaba ɗaya. Wannan gonar burodinmu da taliyarmu ce, tana ƙasar wasu, da dala muke biyan hayarta. Ranar da naira ta faɗi, mai shayi ne ke fara sanar da mu.

A gida kuma gona ba ta ƙaruwa. Tamu ta kakanmu ce, an raba ta gado sau biyu, burtalin da ke gefenta ma an ci rabinsa. Ƙannena da za su gaje ta, in ka ajiye musu tuwon dawa da indomi, ba sa ko kallon tuwon.