Hasken Lesa da Ƙanƙarar Gajimare a Ƙuryoyin Duniya

Ba kowane gajimare da ke saman Antaktika ko Girinlan ne ƙanƙara ba, komai tsananin sanyin wurin, domin ɗigon ruwa mai tsabta yana iya kaiwa kusan digiri 38 ƙasa da sifiri bai daskare ba, muddin bai sami ƙwayar ƙurar da zai kama ba. Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne, tun da gajimare mai ruwa ya fi mai ƙanƙara mayar wa ƙasa da zafin da take fitarwa, kuma siraran gajimare masu ruwa suna cikin abin da ya sa kusan ilahirin saman ƙanƙarar Girinlan ya narke a watan Yulin 2012.

Na'urar da masu bambance gajimare mai ruwa da mai ƙanƙara suka fi dogara da ita ita ce lidar, wadda take harba hasken lesa a gajarce, sannan ta auna ɗan abin da ya dawo, ta gane tsayin gajimaren daga lokacin da hasken ya ɗauka. Amma babban amfaninta yana ga yanayin kaɗawar hasken, saboda yana fita ne yana kaɗawa ta fuska ɗaya tak. Ɗigon ruwa, da yake kewayayye ne, yana mayar da shi kusan yadda ya zo, ita kuwa ƙwayar ƙanƙara mai kusurwa shida tana karkatar da shi a cikinta kafin ta sake shi, sai ya dawo kaɗawarsa ta juya.

Duk da haka akwai inda wannan ma'auni yake ruɗar mai karatunsa. Wasu ƙwayoyin ƙanƙara falle-falle ne, suna saukowa a kwance, kuma idan haske ya faɗo musu a tsaye sai su mayar da shi kamar madubi, da ƙarfi, ba tare da sun juya kaɗawarsa ba, har a ɗauka ruwa ne. Tauraron ɗan Adam na CALIPSO, wanda Amurka da Faransa suka harba a 2006, ya yi fama da wannan matsala, abin da ya sa a 2007 aka karkata lesarsa da digiri 3 don ta daina faɗa musu kai tsaye. Haka kuma hasken ba ya ratsa gajimare mai kauri, dole sai an haɗa da rada.

CALIPSO ya kammala aikinsa a 2023, tauraron EarthCARE na Turai da Japan ya tashi a 2024, sai dai lesarsa tana aiki da nanomita 355, wato wani tsayin zangon haske daban da 532 da aka saba auna kaɗawar da shi. Saboda haka wajibi ne a ci gaba da ɗaukar nauyin lidar ta ƙasa a tashoshi irin su Summit a Girinlan, domin da ma'auninsu ne za a daidaita bayanan taurarin biyu.