SABON YAYI, TSOHON MA'AUNI: DARASI A KAN CANZA SALON SUTURA



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya suturta mu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan'uwa, akwai tambayar da ta yawaita a bakin matasa, musamman idan Sallah ta gabato ko an shiga kakar bukukuwa: "Malam, kayana duk sun zama tsohon yayi. In na shiga cikin abokai sai in ji ni daban. Laifi ne in canza ɗinki in bi zamani?"

Ba abin mamaki ba ne a ji wannan tambayar a Dutse. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, garin ya zama babban birni, ma'aikata suka cika shi. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya, ɗalibai suka zo daga ko'ina, kowa da irin shigarsa. Ga kuma waya a hannu: ɗinkin da aka sa a biki a Abuja da daddare, kafin azahar hotonsa yana shagon tela a Takur ko Gida Dubu. Yaron da ya taso daga Kiyawa ko Jahun ya zo karatu, dole zuciyarsa ta raya masa ya gyara shiga.

Amsar a taƙaice: babu laifi. Salo yana canzawa, Musulunci bai hana ba. Amma akwai ma'auni uku da ba sa canzawa, su ne darasinmu na yau.

DA FARKO: ADO BA ZUNUBI BA NE

Ƙa'idar malamai ita ce, tufafi suna cikin babin al'ada, asalinsu halal ne har sai dalili ya zo da hani. A Suratul A'araf aya ta 26, Allah Ya ambaci manufa biyu ta tufa, wato rufe tsiraici da kuma ado, sannan Ya nuna cewa tufar taƙawa ta fi. A aya ta 31 Ya umarce mu da yin ado idan za mu masallaci, Ya hana ɓarna. A aya ta 32 kuma Ya yi inkari ga mai haramta adon da Ya fitar wa bayinSa.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) cewa Annabi (SAW) ya yi gargaɗi mai tsanani a kan girman kai. Sai wani ya ce, to ai mutum yana son rigarsa da takalminsa su yi kyau. Annabi (SAW) ya nuna masa wannan ba shi ne girman kai ba, domin Allah Mai kyau ne kuma Yana son kyau. Girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane.

Ka duba suturar Annabi (SAW) da kansa. Anas (RA) ya ce mayafin Yaman mai ratsi-ratsi da ake kira hibara shi ya fi so. A tafiyar Tabuka kuma, Mugira ɗan Shu'uba (RA) ya gan shi da jabba ta ƙasar Sham mai matsattsen hannu, har da ya zo alwala ya kasa naɗe hannun, sai da ya zaro hannayensa ta ƙasan jabbar. Ka ga ke nan bai taƙaita ga ɗinkin garinsu ba. Imam Malik ma, wanda ƙasar nan take karanta mazhabarsa, an san shi da sanya tufafi masu tsada da tsafta, musamman in zai zauna karantar da hadisi.

Saboda haka wanda yake ganin yamutsattsiyar riga ita ce alamar tsoron Allah, ya sake nazari.

YAYI DAMA TAFIYA YAKE YI

Abin da dattijo yake kira "shigar mutunci" yau, shi ma wata rana sabon yayi ne. Kakanninmu sun sa saƙi da rigar aska takwas da wando buje. Aka zo zamanin jamfa da 'yar shara. Doguwar rigar nan da ake kira tazarce, a zamanin Janar Sani Abacha ta samo sunanta. Da ana yin aiki da hannu, aka koma keke, yanzu kwamfuta ke zana aikin wuya. Hula ma haka: dara, haɓar kada, kuɓe, zanna bukar, damanga, kowacce da lokacinta. Mata kuma daga zane da gyale aka zo hijabi, aka zo abaya.

Malaman Malikiyya sun daɗe da gane wannan. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan hijira, ya tabbatar da cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana canzawa idan al'adar ta canza. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 790, ya ba da misali a littafinsa Al-Muwafaƙat da yawo babu hula: a ƙasashen gabas abin kunya ne ga mai mutunci, a ƙasashen yamma kuwa ba komai ba ne. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Amma fa wannan a kan abin da Shari'a ta bar wa al'ada ne kawai. Abin da nassi ya yanke, yayi ba ya taɓa shi.

MA'AUNI NA ƊAYA: JIKI

Tambayar farko: kayan nan sun rufe abin da Allah Ya ce a rufe?

Al'aurar namiji daga cibiya ne zuwa gwiwa. Yanzu yayin tsukakken wando da guntuwar riga ake yi. Sai ka ga saurayi a sahu, yana yin ruku'u riga ta ɗage, wando ya zame, bayansa a waje, na bayansa yana ta kau da kai. Wannan magana ta wuce gayu, ta shiga ingancin sallah. Haka farin yadi shara-shara da ake nema saboda zafin Maris da Afrilu: in za ka sa, to ka sa na ciki wanda ya kai gwiwa. Sannan kada wando ya wuce idon sawu, hadisin yana cikin Bukhari. Alharini tsantsa da zinare kuwa haramun ne ga maza.

'Yar'uwa, ke kuma ki koma Suratun Nur aya ta 31 da Suratul Ahzab aya ta 59. Launi da irin yadi da salon ɗinki, kina da yalwa a cikinsu. Amma abayar da ta kama jiki kamar an ɗinka ta a kanki, ko mayafin da ake ganin komai ta cikinsa, sunansu sutura, aikinsu kuwa akasin haka. Muslim ya ruwaito gargaɗi mai ban tsoro a kan mata masu tufa a jiki amma tsirara suke. Kwalliyar cikin gida tsakaninki da mijinki, wannan yi iya yinki, har lada za ki samu.

Kuma namiji ba ya shigar mata, mace ba ta shigar maza. Akwai tsinuwa a kan haka a hadisin Ibn Abbas (RA) a Bukhari.

MA'AUNI NA BIYU: ALJIHU

A nan ne mafi yawanmu muke faɗuwa. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kowa ya san yadda kuɗin shadda da atamfa da leshi suka tashi, daga Kantin Kwari har shagunan Dutse. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. To mai wannan albashin, ga hatsi, ga haya, ga kuɗin makaranta, in ya ce sai ya sa shaddar da mai kwangila yake sawa, daga ina kuɗin za su fito? Daga bashi, ko daga hakkin iyali, ko daga abin da ba nasa ba.

Wallahi bashi ba abin wasa ba ne. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wata gawa, Annabi (SAW) ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, aka ce dinari uku, kuma bai bar abin biya ba. Sai ya ƙi yi masa sallah, har sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. A Muslim kuma ya tabbata cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Wannan fa shahidi ke nan. Ina ga wanda ya ci bashi don hoton ranar Sallah? Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Ga kuma anko. Wata ɗaya biki uku, kowanne da atamfarsa. Mace ta tayar wa miji da hankali, budurwa ta shiga roƙon samari, kuma mun san inda wannan hanyar take kaiwa. Mai biki, ki ji tsoron Allah ki sauƙaƙa wa ƙawayenki. Ke kuma da ba ki da hali, ki sa mai tsaftar da kike da shi ki je ki yi Allah-sanya-alheri. Zumuncin da atamfa ke riƙe da shi, dama ba mai ƙarfi ba ne.

Suratul Furƙan aya ta 67 ta yabi bayin Allah da cewa ba sa ɓarna, ba sa ƙwauro, suna tsakiya. Daidai ruwa, daidai tsaki.

MA'AUNI NA UKU: ZUCIYA

Tsaya gaban madubi ka tambayi kanka: don me nake son wannan ɗinkin? In don ka fita fes ne, ka gode wa Allah, ka faranta wa iyalinka, madalla. Tirmizi ya ruwaito cewa Allah Yana son ganin alamar ni'imarSa a jikin bawanSa. In kuwa don a kece raini ne, don wane ya san ka fi shi, to ka shiga haɗari. Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito daga Ibn Umar (RA) cewa mai sa tufar neman suna, Allah zai tufatar da shi tufar wulaƙanci ranar ƙiyama. Malamai sun ce wannan ya haɗa da mai tsadar da ta wuce misali, ya kuma haɗa da mai sa tsumma da gangan don a ce masa waliyyi.

Mai nuna yana da abin da ba shi da shi kuwa, an kamanta shi da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Kuma rainin nan ta fuska biyu yake zuwa. Ɗan gayu ya kalli mai tsohon ɗinki ya ce baƙauye. Mai tsohon ɗinki ya kalli ɗan gayu ya ce ɗan iska, alhali yaron ya rufe jikinsa kuma da guminsa ya saya. Duka biyun sun raina Musulmi.

TO YAYA ZAN SABUNTA SHIGATA?

1. Fara da abin da ke cikin akwatinka. Kaftanin da ya yi maka yawa, tela zai rage shi da kuɗi kaɗan. Shaddar da ta koɗe, kai ta rini a buga ta. Hular da ta yi dauɗa, kai wa masu wankin hula. Sau da yawa ba sabon kaya kake buƙata ba, wanki da guga ne.

2. Kala biyu masu kyau sun fi kala biyar na jeka-ka-dawo. Zaɓi launin da hula ɗaya da takalmi ɗaya za su shiga da su. Ware ɗaya don Juma'a, domin an kwaɗaitar da mai hali ya tanadi tufar Juma'a daban da ta aiki.

3. Yi gwajin sujada. Kafin ka bar shagon tela, sa kayan ka yi ruku'u, ka durƙusa kamar mai sujada. In baya ya buɗe ko wando ya hana ka zaman tahiya, a gyara. 'Yar'uwa, ɗaga yadin a hasken rana kafin ki biya. In kina ganin tafin hannunki ta ciki, ajiye shi ko ki sa a yi masa shafi.

4. Tara kuɗin tukuna. Kayan ƙaramar Sallah, kai ɗinki tun Rajab ko Sha'aban. Ka huta, tela ya huta, goman ƙarshe ta same ku a masallaci.

5. In sabo ya shigo, tsoho ya fita. Kayan da ka shekara ba ka sa ba, akwai almajiri ko maraya a unguwarku da zai yi Sallah da su, ko ya kare sanyin hunturu. Ka bayar tun suna da kyau, a wanke a goge.

6. Ka koyi addu'ar sa sabuwar tufa, tana cikin littattafan azkar. Ka fara sawa ta dama.

GA TELOLI DA IYAYE

Malam tela, sana'arka amana ce. Kada ka karɓi ɗinkin da ka san ba za ka gama ba, saɓa alkawari alamar munafunci ce. Ragowar yadi na mai shi ne, sai in ya yafe. In an kawo maka ɗinkin fita da zai bayyana tsiraici, ka ba da shawara cikin hikima. Kai kuma mai kaya, biya tela hakkinsa. Jan rai ga mai halin biya zalunci ne.

Iyaye, kada a mayar da komai faɗa. In yaro ya ce yana son ɗinkin zamani, a duba ma'aunin nan uku. In ya cika su, a bar shi. Annabi (SAW) da hannunsa ya sanya wa ƙaramar yarinya Ummu Khalid (RA) tufa baƙa mai ado, ya yi mata addu'a, yana yaba kyan tufar da kalmar Habashanci, saboda a Habasha aka haife ta. In aka haramta wa yaro abin da Allah bai haramta ba, ranar da aka gaya masa haramun na gaskiya ba zai saurara ba.

A ƘARSHE

Mus'ab ɗan Umair (RA) shi ne saurayin da ya fi kowa ado da ƙamshi a Makka. Da ya musulunta duk ya rasa wannan. Ya yi shahada a Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, ba a samu abin da za a yi masa likkafani ba sai mayafi ɗaya. In an rufe kansa ƙafa ta fito, in an rufe ƙafa kai ya fito. Annabi (SAW) ya ce a rufe kan, a sa ciyawar izkhir a ƙafafun. Wannan guntun mayafin bai rage masa komai a wurin Allah ba.

Ɗan'uwa, sa mai kyau, ka bi yayin da ya halatta, amma ka tuna akwai farin yadin da za a sa maka wanda ba kai za ka zaɓa ba, kuma ba shi da aljihu. Kada a naɗe ka a ciki ana bin ka kuɗin shadda.

Allah Ya suturta mu duniya da lahira, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya yalwata mana halal, Ya tufatar da mu tufar taƙawa. Allah Ya zaunar da Jigawa da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wallahu a'alam.