Amsoshin Tambayoyinku: Sayen Jirgin Sama Na Hannu

Wannan tambaya ta fito ne daga wani mai sauraronmu a garin Showak da ke jihar Gadarif a Sudan. Yana cewa, me attajiri ke dubawa kafin ya sayi jirgin alfarma na hannu mai cin dogon zango?

To malam, mun gode. Jiragen da ake nufi su ne irin Gulfstream G550 na Amurka, mai iya tafiyar kusan kilomita 12,500 ba tare da ya sauka shan mai ba, da Falcon 7X na Faransa mai inji uku, wanda ya fara aiki a 2007.

Abin farko da ake dubawa shi ne littattafan tarihin jirgin. A ciki ake rubuta awannin da ya yi a sama, da yawan saukarsa, da kowane gyara. Idan shafi ya ɓace, farashi ya faɗi. Daga nan sai injiniyoyin mai saye su buɗe jirgin, su leƙa cikin inji da 'yar kyamara, su nemi tsatsa a ƙarƙashin daɓen jirgin. Sai a tabbatar babu bashin banki a kansa, kafin a yi masa rajista: lambar Sudan na farawa da ST, ta Najeriya da 5N.

Sannan a shirya wa ɗawainiya, domin albashin matuƙa da inshora da kuɗin ajiya ba sa tsayawa, ko jirgin ya tashi ko bai tashi ba. Da fatan ka gamsu.