Aikin Gyaran Wikipedia: Ina Rabon Nguru da Gashua?

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya fita gwajin koyarwa ya ga yadda yaran yanzu su ke neman amsa. Ka ba yaro tambaya, kafin ya buɗe littafi ya buɗe waya, wayar kuwa sau da yawa Wikipedia za ta kai shi. To, ashe ya wajaba malami ya san rijiyar da almajiransa su ke sha.

Wikipedia kundin ilmi ne a intanet. Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa shi a Amurka ran 15 ga Janairu, 2001, yau kuwa ana rubuta shi da harsuna fiye da 300, har da Hausa. Masu rubutun ba a biyansu ko anini, aikin gayya ne, kowa da fartanyarsa. Mutum ya yi rajistar suna, ya danna wurin gyara, ya rubuta, ya ajiye. Kowane shafi yana da tarihinsa, inda a ke ganin wanda ya taɓa shi da abin da ya sāke. In wani ya yi ɓarna, sai a mai da shafin yadda ya ke dā.

Dokar farko ita ce hujja. In ka rubuta cewa hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta iso Nguru cikin 1930, har garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu, sai ka nuna littafin da ka gani, da shafinsa. Amma in ka ce kifin Nguru ya fi na ko'ina daɗi, za a share, ko da gaskiyarka, gama wannan ra'ayi ne.

Ta biyu, kada ka ɗauki gefe. Ga misali a ƙofar gida. An gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, ta Challawa kuma cikin 1992. Tun daga nan ambaliyar da ta ke shayar da fadamun Haɗejiya da Nguru ta sāke hali, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka ji jiki. Manomin rani na ƙasar Kano kuwa da ruwan Tiga ya ke ci da iyalinsa. Mai gyara, ko da ɗan masunci ne, dole ya kawo maganar kowa da hujjarta, ya bar mai karatu ya yi hukunci. Wannan horo ne mai kyau ga wanda zai tsaya gaban aji.

Doka ta uku ita ce mai ciwo a gare mu. Ba a karɓar abin da ba a riga an buga shi ba. An rubuta cewa Gogaram ita ce mazaunin Mai Bade kafin a komo Gashua cikin 1946, saboda haka wannan zai shiga. Amma abin da kakarka ta faɗa maka na ganuwar Gogaram, ko na yadda a ke shirin bikin kamun kifi, ba zai shiga ba, komai ingancinsa. A ganina dokar nan ta danne mutanen da tarihinsu a ka ya ke, ba a takarda ba. Duk da haka ba na cewa a soke ta, don in an buɗe ƙofar nan kowane maƙaryaci sai ya ce kakarsa ce ta faɗa masa. Hanyar da ta rage ita ce mu riƙa zama da tsofaffi, mu rubuta, a buga a littafi ko mujallar bincike. Haka Russell Schuh, wani malamin jami'a Ba'amurke, ya yi tare da 'yan ƙasar nan, har suka fitar da ƙamus na Badanci da Turanci da Hausa cikin 2004. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Gashua, wadda aka kafa cikin 2013, kusa da mu.

Sa'an nan a kula da Hausar kanta. Akwai masu ɗauko shafin Turanci su zuba wa na'urar fassara, su manna abin da ta amayar ba tare da sun karanta ba, har gaɓar kogi ta iya komawa bankin ajiyar kuɗi. Yaro kuwa ba shi da ikon ganewa. Haruffa masu lanƙwasa ma ba ado ba ne. Tsuntsayen da su ke zuwa Dagona daga Turai da hunturu baƙi ne, in ka yar da lanƙwasar sun zama baki.

Mai son farawa kada ya fara da sabon shafi. Ya buɗe na garinsu, ya gyara jimla biyar, ya ƙara hujja ɗaya. Kada ya kwafi littafin wani kalma da kalma, kada kuma ya rubuta labarin kansa ko na ubangidansa. In yana son sa hoto, sai wanda ya ɗauka da hannunsa, kamar na tashar jirgin Nguru ko na kwalekwale a Kogin Yobe, ya ɗora a Wikimedia Commons, da sanin cewa ya ba kowa izinin amfani da shi muddin an ambaci sunansa.