Kafin ka kai tsohuwar 504 wajen mai fenti

Har yanzu akwai tsofaffin Peugeot 504 a Zariya, wasu na aje a gidajen tsoffin ma'aikata a Samaru, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe su. Yawancinsu a Kakuri aka harhaɗa su, a kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975 kuma bai daina 504 ba sai 2006. Idan ɗaya ta faɗo hannunka kana son maido da ita yadda ta fito, to ranar farko ba ta sanfefa ba ce, ta ɗaukar hoto ce.

Buɗe bonet ka duba sosai. Banda farantin kamfani, kana iya samun lambar fenti a jikin bodi ta ciki, da ɗigon fenti a kan wasu notuna, wanda ma'aikaci ke yi don nuna an ɗaure an duba. Wani wurin ma rubutu ne da hannu. Wanke da ruwa da sabulu kawai. Tina ko fetur na share su cikin minti ɗaya, kuma fa shi ke nan. Ɗora rula kusa da kowace alama, ɗauki hoto, rubuta inda take.

Launi shi ne inda aka fi faɗuwa. Ranar shekara arba'in ta cinye na waje, don haka wanda ya haɗa fenti yana kallon rufin mota, koɗaɗɗen launi zai kwaikwayo. Ɗaga kafet, leƙa cikin but ko bayan robar ƙofa, can ne na asali ya ɓuya. A fesa gwaji a ɗan ƙarfe, a bari ya bushe, a kwatanta a hasken rana.

Masu fentin Sabon Gari sun iya aiki, amma sun saba da mai son ƙyalli. Sai ka faɗa musu kada su gyara abin da kamfani bai gyara ba. Ɗigon nan da buroshi aka yi shi cikin sauri. Idan ya fito tsaf kamar an zana, mai saye da ya san mota zai gane, kuɗi ya faɗi.

Lambar shasi kuwa, a rufe ta da tef kafin feshi. Kada a goge, kada a sake bugawa ko da ta dushe. Wannan kam maganar 'yan sanda ce.