Hijabin 'Yarka a Makaranta: Ka San Haƙƙinta Kafin Ka Cire Ta

Ni lauya ne a Legas, kuma yawancin masu kawo mini ƙorafi 'yan uwanmu ne mazauna Agege, Idi-Araba da Mile 12. Abin da ke ci mini rai game da matsalar makaranta shi ne sau da yawa ba ta isowa gare ni sai aikin gama ya gama: an riga an cire yaro, ya yi zango guda a gida, wani lokacin ma karatun ya tsaya ke nan.

Wani dattijo mai sayar da albasa ya taɓa zuwa ofishina da 'yarsa, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare ta gwamnati. Kullum da safe wata malama kan tare ta a bakin ƙofa, ta sa ta cire hijabi ta cusa a jaka. In ta ƙi, a durƙusar da ita a rana har a tashi daga taron safe. A aji kuma yara na kiranta “Boko Haram”, malami yana ji ya kau da kai. Yarinyar ba ta faɗa wa kowa ba. Mahaifiyarta ce ta lura hijabin da ta goge da dare yana dawowa a cukurkuɗe daga ƙasan jaka, ga kuma ciwon ciki da ke tashi duk safiyar Litinin. Na ce, “Alhaji, ka rubuta wa shugaban makaranta?” Ya ce, “Barista, mu baƙi ne a garin mutane, wa zai saurare mu?”

Ɗan Najeriya ba baƙo ba ne a ko'ina cikin Najeriya, kuma maganar hijabi kotu ta riga ta yanke ta. A 2014 Babbar Kotun Jihar Legas ta goyi bayan hana hijabi a makarantun gwamnati. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci. Gwamnatin jihar ta wuce Kotun Ƙoli, inda a ranar 17 ga Yuni, 2022, alƙalai biyar cikin bakwai suka tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sanya hijabinsu, a shari'ar da ke ɗauke da sunan Asiyat Abdulkareem. Hujjar tana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999: sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini da bayyana shi a fili, sashe na 42 kuma ya haramta nuna bambanci saboda addini ko ƙabila.

Akwai wani yanki na sashe na 38 da iyaye da yawa ba su sani ba, alhali ya shafi maza da mata. Ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi ɗaukar darasin addinin da ba nasa ba, ko shiga ibadarsa, in iyayensa ba su amince ba. Don haka yaron da ake dukansa don ya ƙi rera waƙar coci a taron safe, an take masa haƙƙi. Kuma in faɗi gaskiya, wannan sashe shi ne yake kare ɗan Kirista a makarantar gwamnati a Kano ko Sakkwato. Wanda ke neman haƙƙinsa da shi, dole ya yarda ya ba wani.

Hukuncin 2022 a kan makarantun gwamnati aka yi shi. Makarantar kuɗi, musamman ta mishan, lamarinta ya fi sarƙaƙiya, shi ya sa nake cewa ku karanta takardar dokokinta kafin ku sa hannu. Amma zagi, duka da wulaƙanta yaro, babu makarantar da ke da lasisin yinsu.

Kuskure biyu nake yawan gani: ko uba ya yi shiru ya janye 'yarsa, ko ya tara matasa a je ƙofar makaranta da hayaniya, a ƙarshe shi ne a hannun 'yan sanda. Abin da ke aiki shi ne takarda. Ka zauna da yaron cikin natsuwa, ka rubuta rana, wuri, abin da aka faɗa da wanda ya gani. In akwai rauni, a ɗauki hoto, a karɓo takardar asibiti. Sannan ka rubuta wa shugaban makaranta, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a kan naka. Maganar baki ana musanta ta, hatimi kuwa ba a musanta shi. In ba a amsa ba, ka kai ofishin ilimi na yankin, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda ba ta karɓar kuɗin ƙorafi. Kotu ita ce matakin ƙarshe. Maganar 'yar dattijon nan ma ba ta kai can ba: wasiƙa ɗaya da kwafin hukuncin Kotun Ƙoli suka wadatar.

Iyaye, ku riƙa tambayar yaranku abin da ke faruwa a makaranta, ba sakamakon jarrabawa kaɗai ba. Sarakunan Hausawa da limaman unguwanni kuma, don Allah ku sanar da jama'a wannan hukunci a masallatai, musamman bayan sallar Juma'a.