Darasi na Tara: Tanadin Kuɗin Tafiya, Ganin Gida da Biki

A darussan baya mun yi magana a kan zubi, rance da ranar rabo. Yau za mu taɓa wani abu da ke cinye jarin mace ba tare da ta ankara ba, wato tafiyar da muke yi da yara: ganin gida, yawon Sallah, biki, suna, ko kai yara hutu wurin 'yan uwa. Zumunci a ƙafa yake, kuma babu wanda zai ce mu daina. Abin da muke so shi ne mu je mu dawo jarinmu yana nan, rumbu bai girgiza ba, ba kuma mu shigo gida da bashi a ka ba.

A ƙarshen wannan darasi ana son kowace 'yar ƙungiya ta iya abu uku: ta lissafa kuɗin tafiya tun kafin lokaci, ta raba shi zuwa zubin mako-mako, sannan ta san inda za ta rage da inda bai kamata ta rage ba.

Abin da ya faru da ni

Ni a Gozaki nake aure, a ƙaramar hukumar Kafur, sana'ata kuma awara. A 2023 aka sa bikin ƙanwata a Kano bayan Babbar Sallah. Na san da bikin tun wata huɗu kafin lokacin, amma ban ajiye ko sisi ba, ina cewa Allah zai kawo. Ana cikin haka, ranar 29 ga Mayu, sabuwar gwamnati ta sanar da cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota ya bi ta. Ni kuwa da tsohon farashi nake lissafi a kaina.

Da biki ya matso sai na ɗauki rance a ƙungiya, na ce waken soya zan saro. Ban saro ba. Na yi anko, na ɗinka wa yara uku kaya, na sayi tsarabar kanti don kada a ce matar ƙauye ta zo hannu rabbana. Kwana tara muka yi. Da muka dawo, babu wake, babu man suya, masu sayen awarata sun koma wurin wata. Ranar zama shugabarmu ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, ina ribar waken?" Wallahi na rasa bakin magana. Sai da maigida ya fitar da masara daga abincin gida, a tsakiyar damina, aka sayar aka rufa mini asiri. Abin ya jawo mana 'yar tsama da ta ɗauki makonni. Bikin kwana tara, sai da na yi wata huɗu ina biyansa.

Ba farashin mai kaɗai ya kayar da ni ba. Da na fara ajiye wani abu tun ranar da aka sa bikin, da ƙarin kuɗin motar kawai zan nemi cikowa.

Mataki na farko: san lokacinki

Yawancin tafiye-tafiyenmu ba sa zuwa kwatsam. In ban da rasuwa da rashin lafiya, duk mun san su tun da wuri. Ku zauna a farkon zangon ƙungiya, kowa ta faɗi tafiyar da ke gabanta a shekarar.

Ku lura da waɗannan. Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah kusan mako goma ne kacal, don haka wadda ta zazzage komai a ta farko ba ta da lokacin farfaɗowa kafin ta biyu. Sannan Sallah tana matsowa baya da kamar kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 2025 Babbar Sallah ta faɗo farkon watan Yuni, daidai lokacin da ake neman kuɗin taki, iri da huɗa. A irin wannan shekara, kuɗin da ya tafi yawon Sallah daga gona aka zare shi.

Dogon hutun makarantun boko yana kamawa ne a wajen Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai iso ba, hanyoyin ƙauye kuma sun jiƙe. Hutun Disamba ya fi mana sauƙi: an yi kaka, masara da dawa da waken soya sun shigo, hanya ta bushe. In ziyara ce ta ganin gida wadda ba ta da rana tsayayya, ki roƙi a bar ta sai bayan kaka. Amma ki kula, galibi hatsi ya fi arha a lokacin kaka saboda kowa yana fitarwa. Wadda ta sayar da buhu a ranar don kuɗin mota, wataƙila ita ce za ta saye shi da tsada a damina. Tanadin mako-mako shi ke hana wannan.

Abu na ƙarshe: kwana biyu kafin Sallah da kwana biyu bayanta tasha tana cika, kuɗin mota yakan hau. In da hali, ki riga cunkoso tafiya ko ki bari ya lafa.

Mataki na biyu: rubuta komai

Da yawanmu in an ce kuɗin tafiya, kuɗin mota kawai muke tunawa. Ga misali na uwa da yara uku da za su je Kano ta Malumfashi, Dayi da Gwarzo. Alƙaluman na koyo ne kawai. Ke ki aika a tambayo miki farashin yau a tasha.

Kujera biyu, zuwa da dawowa: naira 20,000
Acaɓa zuwa bakin titi da a-daidaita-sahu a cikin Kano: naira 5,000
Tsaraba: naira 8,000
Guzuri da ruwan sha: naira 3,000
Kuɗin yara, kamar shiga gidan zu da 'yan ƙwalama: naira 4,000
Jimla: naira 40,000
Ko-ta-kwana, kashi ɗaya cikin goma: naira 4,000
Gaba ɗaya: naira 44,000

Kuɗin ko-ta-kwana ba na kashewa ba ne. Na ranar da mota ta lalace ne, ko yaro ya yi zazzaɓi, ko aka ƙara kuɗin mota kafin ki dawo. In ba a taɓa shi ba, ya koma akwati.

Akwai wani kuɗin da ba ya fitowa a takarda: cinikin da za ki rasa. In kina samun ribar naira 1,000 a rana kika yi kwana tara, naira 9,000 ta tafi, ban da masu saye da za su saba da wata. Kwana huɗu ma ziyara ce. Ko kuma ki bar wa kishiya, 'yarki babba ko maƙwabciya sana'ar, ku yi yarjejeniyar abin da za ta ɗauka.

Mataki na uku: raba shi zuwa zubi

Naira 44,000 a dunƙule tana da ban tsoro. Amma in saura mako 22, naira 2,000 ce a mako. In kin fara tun saura mako 44, naira 1,000 ce. Wadda ta jira ta ci rance, aka ba ta mako 12 ta biya, za ta riƙa kawo kusan naira 3,700 kowane mako, ban da kuɗin hidima in ƙungiyarku tana karɓa, ga kuma zubinta na kullum yana jiranta. Kin ga kuɗin ɗaya ne, nauyin ne ya bambanta.

Hanyoyin ajiyewa uku ne da muka gwada. Ta farko, ki ƙara yawan hannun da kike saye a ranar zama, in ranar rabonku za ta zo kafin tafiyar. Ta biyu, mata biyar ko shida ku yi ƙaramin adashin tafiya a gefe, kowa ta ɗauki kwasarta a watan da tafiyarta ta faɗo. Ta uku, ki sayi ɗan akuya ko kaji da niyyar tafiyar, ki sayar idan lokaci ya yi. Dabba takan yi daraja gab da Sallah, sai dai akwai haɗarin ciwo ko sata, don haka kada ki dogara da ita kaɗai.

A ƙungiyarmu mun sa doka bayan abin da ya same ni: rancen akwati na sana'a ne, asusun taimako kuma na rasuwa, gobara da rashin lafiya ne. Biki da yawon Sallah ba sa shiga ko ɗaya. Wannan tsari na akwati da muke bi ya samo asali ne daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da CARE ta fara da su a yankin Maraɗi ta Nijar a 1991, kuma abin da ya riƙe shi har yau shi ne kuɗin da ya fita yana komawa. Rancen da ya tafi sana'a yana da inda zai fito. Wanda ya tafi anko fa, daga ina?

Inda za ki rage

Tsaraba. Mu da ke noma muna raina abin hannunmu. 'Yar uwarki da ke birni da kuɗi take sayen daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, ƙuli-ƙuli, wake da tsakin masara, kuma ba lallai ta sami mai kyau irin namu ba. Ki fara tarawa tun kaka, ki shanya, ki adana. Da na koma Kano da kwano biyu na wake da daddawar da na yi da hannuna, yayata cewa ta yi, "Ai wannan ta fi mini atamfa." Tsarabar dawowa ma a yi mata iyaka tun daga gida: abu ɗaya da za a raba wa yaran gida da maƙwabta ya wadatar.

Guzuri. Kowace tsayawa a hanya yara za su ga tsire, rake, lemo da biskit. Ki dafa dambu ko ƙwai, ki ƙulla gyaɗa, ki cika gora da ruwa mai tsabta. Yaron da ya ƙoshi ba ya yawan nuni.

Anko da ɗinki. Ba dole ba ne a shiga kowane anko. In bikin na jiki ne, ki ɗauki ɗaya. In za a yi wa yara ɗinki, a kai wa tela da wuri, domin ɗinkin daren Sallah ya fi tsada kuma ya fi saurin lalacewa. Kayan Sallah su ne kayan biki, babu abin kunya a ciki.

Yawan masu tafiya. Ba kowace tafiya ce ta dukan yara ba. A yi juyi: wannan karo manya, wani karo ƙanana. In ku da yawa ne za ku biki ɗaya a Funtua, Zariya ko Katsina, ku haɗu ku ɗauki shatar mota ta hannun 'yan yuniyon, ku yi ciniki tun kafin ranar, ku raba kuɗin. Ku tambayi farashin motocin gwamnatin jiha na KTSTA ku gwada da na tasha.

Cire kuɗi. Mai POS yana cajin kowace cirewa. Cirewa sau ɗaya ta fi sau biyar sauƙi. Ki raba kuɗin gida biyu a jikinki, na dawowa daban, kada ki taɓa shi ko da wa ya roƙa.

Abin kallo na kyauta. In kin kai yara Katsina ko Kano da Sallah, hawan sarki, in an yi shi, ba a biyan ko kwabo a kalla daga bakin hanya. Hasumiyar Gobarau a Katsina da Dutsen Dala a Kano abubuwa ne da yaro zai dawo yana ba da labari. Ki riƙe hannunsu da kyau a cikin taro.

Inda ba a ragewa

Akwai arhar da ba ta da amfani. Duk mun san halin da hanyoyin yankinmu suka shiga a 'yan shekarun nan. Kada ki yi tafiyar dare ko ta asubar fari don an ce motar ta fi sauƙi. Ki fita da hantsi, ki isa da rana, ki tambayi labarin hanya kafin ki tashi. Ki shiga mota a tasha inda aka san direba, ba a bakin titi ba. Kada ki ɗora yara uku a cinya don gudun biyan kujera. Na goye da ƙarami ɗaya sun isa. In yaro yana shan magani, ki tafi da shi. Ki sa kati a waya, ki yi caji, maigida da wanda za ki je wurinsa su san motar da kika shiga.

Magana da maigida

Kada ki bari sai ana jibi tafiya ki ce, "Malam, kuɗin mota fa?" Ki kai masa lissafin tun da wuri, a lokacin da hankalinsa yake kwance. Ki ce ga abin da tafiyar za ta ci, ga abin da na tara, ga abin da ya rage. Namijin da ya ga an ɗauke masa rabi ya fi saurin cika sauran, kuma ya fi saurin ba da izini. Ni dai tun da na fara haka ba mu sake samun saɓani a kan tafiya ba.

Aikin zama na yau

1. Kowace mace ta faɗi tafiya ɗaya da ta san tana gabanta, da watan da za ta faɗo.
2. Ku kasu uku-uku. Ku lissafa kuɗin tafiyar ɗaya daga cikinku, har da ko-ta-kwana. Wadda ba ta rubutu ta yi da tsakuwa ko ƙwayar masara, kowace ɗaya a matsayin naira 1,000.
3. Ku ƙirga makonnin da suka rage, ku raba, ku faɗa wa taro zubin mako.
4. Ku tattauna: shin dokar ƙungiyarmu ta fayyace abin da ake ba da rance dominsa? In ba ta fayyace ba, me za mu ƙara?
5. Wace tsaraba ce za mu iya tanada daga amfanin gonarmu a kakar bana?

Magatakarda ta rubuta abin da kowa ta ɗauka. A zama na huɗu daga yau za mu buɗe littafin mu ga wadda ta fara. Allah ya sa albarka a cikin abin da muke tarawa, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya.